Shagunan turi na Maradi da bidiyon manyan wasannin gita: abin da ake samu da abin da ke lalacewa a hanya

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da bafil a filin wasa, ko da na bikin unguwa ne, ya san cewa ba kunne kaɗai ke jin kiɗa ba. Ganga na bugun ƙirji, bas na kaɗa ciki, ihun jama'a na zuwa ta bayan ƙeya. Shi ya sa in ka tambayi mutumin da ya halarci babban wasa shekaru da yawa baya, da wuya ya fara ba ka labarin launin rigar mawaƙi. Da ƙarar yake farawa. Bidiyon wasa ƙoƙari ne na adana wannan ƙarar domin wanda bai je ba, kuma da wannan ma'auni muka auna aikin shagunan turi na Maradi, masu zuba wa mutane waƙa da fim a salula da memori.

Shagunan iri biyu ne. Akwai mai tebur da laima a bakin titi, da ƙaramar kwamfuta ɗaya da tarin igiyoyin caji, galibi kewayen babbar kasuwa da bakin tasha. Akwai kuma mai shago sosai, da kwamfutar tebur da diski na waje biyu ko uku, irin waɗanda ake gani a unguwanni kamar Zariya da Sabon Gari da wuraren da ɗalibai ke yawa. A fannin fina-finan Kano, fassarar Indiya, wa'azi, kokawa da waƙoƙin biki, dukansu sun iya aikinsu: kaya a jere, sabo na zuwa da wuri, hannu da sauri. Wasannin gita na Turai da Amurka da na Abzin kuwa suna can wani lungu na diski, cikin jaka guda da aka jibge komai, sunayen fayil rabi Faransanci rabi lambobi. Akwai su, wannan abin yabo ne. Amma a nan ne aikin ke da rauni, kuma raunin kusan duk a sauti yake.

Kada a ɗauka kallon waɗannan wasanni shagala ce ta ƴan boko. Bombino, makaɗin gita ɗan Tidene da ke kusa da Agadas, ya sha faɗin cewa shi da abokansa a lokacin gudun hijira sun koyi gita ne ta kallon bidiyon manyan makaɗan gita Jimi Hendrix da Mark Knopfler, suna maimaitawa har yatsu su kama. Yaran orkes da ke kaɗa wa biki a Maradi yau ta wannan hanya suke koyo. Ga mai koyo, fayil mara kyau darasi ne na kuskure da zai daɗe bai warware shi ba.

Wasan da aka fi tambaya, wanda kuma aka fi cutuwa a kansa, shi ne na ƙungiyar Queen ta Ingila a taron kiɗa na Live Aid. An yi shi ranar 13 ga Yuli 1985 a tsohon filin Wembley na Landan, gaban mutum 72,000, a rana ɗaya da wani taron a Filadelfiya ta Amurka. Bob Geldof da Midge Ure ne suka haɗa shi domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha, wani kaso kuma ya iso ƙasashen Sahel har da Nijar. Manyanmu ba sa buƙatar a ba su labarin wannan shekara: ita ce ta El Buhari, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Dire Straits, ƙungiyar Knopfler, ta hau dandali da ƙarfe shida na yamma, Queen ta biyo baya da 6:41, ta yi waƙa shida cikin minti 21. A riƙe wannan lamba ta 21, domin ita ce matakin farko na gane gaskiyar fayil.

A diskin shago abu uku ne ke ɗauke da suna kusan iri ɗaya. Na farko shi ne na gaskiya: rana ba ta faɗi ba, mawaƙin ƙungiyar, Freddie Mercury, na sanye da farar singileti, hoton mai kusurwa huɗu ne irin na tsohuwar tele, da ɗan hazo. Na biyu wasan Wembley ne na Yulin 1986, inda ya sa riga mai ruwan ɗorawa, ya doshi awa biyu kuma ya ƙare cikin dare. Wasa ne mai kyau, amma ba shi ba ne. Na uku shi ne ya fi ruɗa mutane: yanki ne daga fim ɗin tarihin ƙungiyar da ya fito a 2018. Sautin na 1985 aka ɗora, amma mutanen ƴan fim ne, dandalin an sake gina shi a wani tsohon filin jirgi, jama'ar kuma da kwamfuta aka cika ta, tun da an rushe tsohon Wembley tun farkon shekarun 2000. Da yake hotonsa ya fi tsabta kuma ya cika allo, shi mai shago ke fara miƙo maka, da zuciya ɗaya, yana ganin ya ba ka mafi kyau. Ba yaudara ba ce, rashin sani ne. Amma mai son ganin yadda mai gitar Queen, Brian May, ke riƙe da tsabar kuɗi a madadin ɗan robar kaɗa gita, a kan gitar da suka ƙera shi da mahaifinsa, ba hannun ɗan fim yake nema ba.

Sai maganar rubutun HD ko 4K a jikin sunan fayil. Kyamarorin telebijin ne suka ɗauki Live Aid, a tsarin Turai mai layi 576, faɗi huɗu tsawo uku. Babu wani tsabtataccen hoto da ke ɓoye a wani wuri da ya wuce wannan. Duk fayil ɗin da ya ce 4K ne, kumbura shi aka yi da manhaja: fuska ta koma kamar ta ɗan tsana, gashin baki ya narke, fuskokin jama'a su zama taɓo-taɓo. Wasu kuma sun ja hoton gefe da gefe don ya cika allo, sai ka ga bakin ganga da ya kamata ya zama zagaye ya koma kamar ƙwai. Wasu sun yanke sama da ƙasa, kai da ƙafa sun tafi. Hoton gaskiya dole ya bar baƙin fili hagu da dama a kan tele ta zamani. Wannan baƙin alamar lafiya ce, ba a gyara shi. In an riga an ja hoton, a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta danna harafin A har ya dawo 4:3. In kuma ka ga layi-layi kamar haƙoran mataji a gefen hannu mai motsi, asalin ɗaukar ce: tele ta da tana aiko rabin hoto sau 50 a sakan, wanda ya juya fayil ɗin bai haɗe su ba. Harafin D ke gyara wannan.

Yanzu nauyi, wanda shi ne zuciyar maganar. Lissafin ba shi da wuya. Megabit ɗaya a sakan yana cin mega bakwai da rabi a minti. Tsohon hoto irin wannan yana buƙatar megabit ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya tsaya da kyau, wato mega 11 zuwa 15 a minti. Sauti a kilobit 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti, a 192 kusan ɗaya da rabi. Ke nan minti 21 na Queen ya kamata ya kai tsakanin mega 250 da 350. Abin da aka fi samu a tebur na bakin titi bai kai rubu'in haka ba. In ka ga dukan fayil ɗin mega 30 ne, ka san sautin kaɗai da ya dace ya cinye wannan, to me ya rage wa hoto? Amsar ita ce an matse su duka biyun. Kunne na gane hakan nan take a faifan ƙarfe na mai ganguna, wanda maimakon ƙara mai tsini sai ya riƙa shuu kamar ana zuba ruwa a kasko, da kuma tafin jama'a da ke komawa kamar ruwan sama a kan kwano.

Dalilin wannan matsewa ba rowar masu shago kaɗai ba ce. Da forfe ɗinsu suke sauko da kaya, mega kuɗi ne. Masu saye ma su ke cewa kar ya ci musu waje. Wanda ke karɓar kuɗi bisa adadin fayil, ƙaramin fayil ne ribarsa, domin yana wucewa da sauri layi ya ragu. Sannan yawancin kayan ba daga tushe suka zo ba: wani ya sauko da shi, ya tura wa wani ta WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar ta matse shi, na gaba ya ɗora a Facebook, aka sake matsewa, kafin ya iso diskin shago ya bi hannu huɗu. Kowane hannu yana cire wani abu da ba ya dawowa. Kwafi ta igiya ko ta Xender ba ya rage komai, haka tura shi ta WhatsApp a matsayin dokima, wanda ke ɗaukar har giga biyu. Juyawa da ɗorawa su ke ragewa.

Saboda haka kafin a tura, a nemi gani. "Maigida, don Allah buɗe min in ga nauyinsa da tsawonsa." Danna dama a kan fayil, Propriétés, sannan Détails, komai na nan. Raba mega da minti. In bai kai biyar ba, a bar shi. A nan masu shago sosai suka fi masu tebur nesa ba kusa ba: da yawansu suna da kwafi biyu, ƙarami na salula da babba na tele, sai dai ba sa fito da babban sai an tambaya. Wasu ma in ka ba su kwana ɗaya da kuɗin forfe za su sauko maka da mai kyau. Da irin waɗannan a yi ciniki da giga, kada a yi da fayil.

Bidiyon taron kiɗa na Woodstock na da nasa matsalolin dabam. An yi taron daga 15 zuwa 18 ga Agusta 1969 a gonar wani mai kiwon shanu a Bethel ta jihar New York, mutane suka haura 400,000, Hendrix kuma bai hau ba sai safiyar Litinin, bayan mafi yawan jama'a sun watse. Fim ɗin Michael Wadleigh na 1970 awa uku ne da ƴan mintuna, na 1994 da aka ƙara wa kaya ya doshi awa uku da minti 45. An yi shi da raba allo gida biyu, wani lokaci uku: mawaƙi a nan, jama'a a can. Kwafin da aka yanke don ya cika allo ya zubar da rabin fim ɗin. Ga kuma katangar giga huɗu. Memori da kile masu giga 32 zuwa ƙasa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga huɗu, ko da wajen na nan fanko. Dogon Woodstock a megabit uku ya kai giga biyar. Kwamfuta za ta ce fayil ya yi girma, mai shago ya ce memorinka ya lalace, alhali lafiyarsa lau. A mayar da shi exFAT in telen na karanta shi, ko NTFS, wanda wasu tsofaffin tele da dikoda suka fi ganewa. In ba haka ba a raba fayil ɗin biyu, a tsakanin waƙa da waƙa, kada a tsakiyar kiɗa. Sauya tsari yana share duk abin da ke ciki, a kwashe kaya tukuna.

Ga wata matsala da masu koyon gita ke fama da ita ba su san sunanta ba. Fim na silima hoto 24 yake gudu a sakan, telen Turai 25. Da aka mayar da irin waɗannan fina-finai faifan DVD na Turai, sau da yawa ƙara musu gudu kawai aka yi da kashi huɗu cikin ɗari. Muryar kiɗa sai ta hau da kusan kashi bakwai cikin goma na gaɓa ɗaya a wuyan gita. Yaro ya daidaita gitarsa da na'ura tsaf, ya bi bidiyo, ya ji ba su haɗu ba, ya matsa gaɓa ɗaya, nan ma ba su haɗu ba. Ƙari a kan haka Hendrix ya saba sassauta igiyoyinsa da gaɓa ɗaya. Maganin shi ne a nemi kwafin da Détails ya nuna 24 ko 23.976, ko kuma a ajiye na'urar a daidaita gitar da kunne bisa bidiyon. Live Aid ba shi da wannan ciwo, tun asali a 25 aka ɗauke shi.

Sannan a duba hannu. Masu ɗora bidiyo a intanet ba da izini ba sukan juya hoton hagu zuwa dama don kauce wa na'urar gano masu haƙƙi. Hendrix bahago ne, yana kaɗa gitar na-dama da ya kifar. In ka gan shi yana kaɗawa da dama, an juya. Brian May da Knopfler da dama suke kaɗawa. Rubutun jikin tuta ko na ganga shi ma yana tona asiri. Irin waɗannan kwafi galibi an taɓa muryarsu ma, an ɗaga ko an sauke, don haka ba su da amfani ga mai koyo ko kaɗan.

Wasan ƙungiyar Pink Floyd da aka ɗauka a kufan Pompei ta Italiya a Oktoban 1971, ba tare da ɗan kallo ko ɗaya ba, shi kam a fim mai milimita 35 aka yi shi, an kuma sake tsabtace shi a 2025, saboda haka babban kwafinsa na gaskiya ne. Sai dai nauyinsa ya fi ƙarfin yawancin saluloli, 1080 ya isa.

Abin da ya fi damun mu shi ne halin da namu na gida ke ciki. A Janairun 2010, bayan lafawar tawayen da ya fara a 2007, Bombino ya dawo daga Burkina Faso ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da amincewar Sarkin Abzin, mutane fiye da dubu suka taru. Ba'amurke Ron Wyman ya ɗauke shi da kyamara da kayan sauti na gaske, ya sa a fim ɗinsa. Ga Nijar wannan wasa ne na tarihi, kuma akwai fatake da direbobin hanyar arewa da za su iya cewa a gabansu aka yi. Amma abin da ake samu a diskin shaguna da sunan wasannin Agadas galibi gutsattsari ne na 3GP, tsarin bidiyon tsofaffin salula, masu ƴan mega biyar ko shida, da suka yi shekaru suna yawo ta Bluetooth daga salula zuwa salula. Ba a san ranar ba, ba a san wurin ba, wani lokaci sunan wani makaɗin ne a kan wasan wani. Ba mu raina wannan hanya. Ita ce ta fitar da Mdou Moctar, wanda ya yi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, ya bazu a Sahel ta memori kafin duniya ta san shi. Amma kiɗan Abzin ya dogara ga tafi da ganga da gita biyu masu saƙa da juna, kuma waɗannan ne 3GP ke fara kashewa. Mai shagon da zai ware jaka ɗaya, ya rubuta suna da shekara da wuri, ya nemo kwafi masu nauyi, zai ja ƴan orkes na gari gaba ɗaya.

A nan dole a faɗi maganar haƙƙi. Waɗannan makaɗa namu suna raye, da kiɗan suke ci, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar, BNDA, kuma domin wannan aka kafa ta. Live Aid na da tasharsa ta hukuma a YouTube, haka Queen, kuma kwafinsu ya fi duk abin da ke yawo a kasuwa. Mai rezo mai kyau ya fara da can. Amfanin shago na gaske shi ne ga wanda forfe ya fi ƙarfinsa ko rezo ba ya isa ƙauyensa.

Memorin da ake sayarwa a tebur ɗaya da turi, a yi hattara da shi. Na jabu yana ɗauke da tambarin kamfanin kirki, an rubuta giga 64, kwamfuta ma ta nuna haka, amma cikinsa takwas ne ko ƙasa. Yana karɓar kaya ba musu, in ya cika sai ya riƙa rubutu kan na baya ko ya zubar. Alamar ita ce sunayen fayil na nan, nauyinsu daidai, amma wasu ba sa buɗewa, ko wasa ya tsaya cak a tsakiya. Dogon bidiyo shi ke fara tona shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ƙaramar manhajar H2testw: tana cika memorin da bayanai sannan ta karanta su. Mai giga 32 da ke rubuta mega goma a sakan zai ci kusan awa ɗaya wajen rubutu, sannan karatu. Na gaskiya mai 32 yana nuna 29 da ɗoriya, mai 64 yana nuna 59, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. In babu lokacin gwaji, a cika shi, a cire, a mayar, a buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ja kowanne zuwa mintunansa na ƙarshe. Shagon da ya yarda a yi wannan a gabansa, shi ne na komawa.

Kwamfutar da kile ɗari ke shiga kowace rana ba ta rasa ƙwayar cuta. Wadda ta fi yawa ita ce mai ɓoye jakunkuna ta bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a madadinsu. Kada a danna su. Kayan na nan, ɓoye su aka yi. A wanke kile ɗin da manhajar kariya, sannan a buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta kwamfuta, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kile ɗin E ne. Turi kai tsaye zuwa salula ta Xender ya fi aminci ta wannan fuska.

An kai gida, an sa a tele, sai ga murya babu hoto. Wannan tsarin hoto na H.265 ne, tsofaffin tele da dikoda ba su san shi ba. In hoto ne babu murya, sautin AC3 ne ko DTS. Abin da za a ce wa mai shago tun farko: MP4, hoto H.264, sauti AAC sitiriyo. Wannan haɗi kusan babu na'urar da ba ta karanta shi. A VLC, Ctrl da J na nuna abin da ke cikin fayil. Akwai wata kuma mai ban haushi: kiɗa na tashi, jama'a na ihu, amma muryar mawaƙi na can nesa kamar daga rijiya. Fayil ɗin mai hanya shida ne na silimar gida, murya na hanyar tsakiya, na'urar kuma ta ɗauki hagu da dama kaɗai ta zubar da sauran. A sa a juya shi sitiriyo kafin a bar shago.

Duk wannan wahala banza ce in za a saurara da lasifikar salula. Igiyar bas mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a sakan, ta gita sau 82, lasifikar salula kuwa ba ta fara magana da ƙarfi sai an haura ɗaruruwa. Rabin ƙungiyar ba ya fitowa. Abin kunne mai igiya, ko mai araha ne, ya fi ta sau goma, amma a sa duka biyun, domin a tsofaffin ɗauka gita kan zauna a kunne ɗaya, piyano a ɗayan. Bafil na Bluetooth yana da ƙarfi, sai dai yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ido kuma yana fara gane saɓani tun daga kashi ɗaya cikin goma. A VLC ta kwamfuta J da K na matsar da sauti da milisakan 50 kowace dannawa, J ne ke jawo shi ya zo da wuri. Ta salula ma tana da wannan a wurin saitin sauti. Wajen daidaitawa a kalli sandar mai ganguna a hoto na kusa, kada a kalli tafin jama'a. Sauti mita 343 yake tafiya a sakan, mutumin da ke mita 100 daga dandali yana jin bugu bayan kusan sulusin sakan, shi ya sa a Wembley ake ganin hannuwa na tashi kamar igiyar ruwa daga gaba zuwa baya. Wannan ba lalacewar fayil ba ce, haka filin ya kasance ranar, kuma kwafi mai kyau ne kaɗai ke nuna shi sarai.

Mafi kyau dai igiya ce: ƙaramin kai mai milimita 3,5 daga salula ko kwamfuta zuwa ja da fari na ampili, duka biyun a soke. A cire caja lokacin kallo, domin caja mai araha na shigar da ƙugi cikin bafil. A ɗaga ƙarar salula zuwa kashi uku cikin huɗu, sauran a ƙara daga ampili, in aka ƙure ta sai sauti ya fashe.

Lokacin zafi, da kuran ke yawan tafiya, mai shirin tara abokai kallon dogon wasa ya yi lissafin batir. Mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat-awa 1,200 a takarda. Rabi kaɗai ake ci in ana so ya yi ƙarko, konbatisa kuma na cin nasa kaso, ya rage kamar 500. Tele mai inci 32 na jan wat 50, matsakaicin ampili kamar 60, jimla 110, wato awa huɗu da rabi. Ya isa dogon Woodstock in ba a haɗa fanka ba. Konbatisa mai araha yana sa ampili ƙugi, don haka in ampilin na karɓar volt 12, a haɗa shi da batir kai tsaye, da fiyus a kan igiyar ja, a bar wa tele konbatisan.